Bizar Umra da ta Hajji: Abin da Ya Kamata Iyali Su Sani Kafin Su Ba da Kuɗinsu

Kowace shekara idan watan Sha'aban ya kama, gidajenmu sukan cika da zancen tafiya ƙasa mai tsarki. Wani ya sayar da gona, wata ta karɓi adashen shekara uku, ƴaƴa sun haɗa kuɗi domin su kai tsohonsu. Amma tsakanin niyya da hawan jirgi akwai takardu, kuma a kan takardun nan ne yawancin mutanenmu ke faɗawa cikin asara.

Farkon abin shi ne fasfo. Hukumomin Saudiyya ba su ba da biza a kan fasfon da saura masa ƙasa da wata 6 ya mutu. Wannan kowa na iya dubawa da idonsa. Abin da ya fi wahala shi ne sunaye. Da yawa daga cikin iyayenmu ba su da takardar haihuwa ta asali, sai ta alƙali wadda aka yi musu bayan sun girma, aka rubuta shekarar haihuwa da kintace. Mutum ɗaya sai ka same shi Mahamadou a katin ɗan ƙasa, Mamane a katin rigakafi, Mohamed a tikitin jirgi. A gida duk mun san shi ne. Inji kuwa bai san haka ba. Tun da biza ta koma ta intanet, ana haɗa ta da lambar fasfo da zanen yatsu, harafi ɗaya na iya tsai da dattijo a filin jirgin Yamai da jakarsa a hannu. Wanda ya yi makaranta a cikin gida ya zauna ya gwada takardun ɗaya bayan ɗaya, tun da sauran watanni.

Sai katin rigakafi, wanda muke son mu daɗe a kansa kaɗan, domin mun lura ana ɗaukarsa abin wasa. Allurar sanƙarau wajibi ce, kuma dole a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa. Dokar tana da tarihi. A 1987 annobar sanƙarau ta ɓarke cikin alhazai, aka wajabta rigakafi. A 2000 da 2001 wani nau'in cutar da ake kira W135, wanda tsohuwar allurar ba ta hana shi, ya sake kama alhazai, suka koma da shi ƙasashensu. A 2002 irinsa ya yi mummunar ɓarna a Burkina Faso. Tun daga nan aka koma ga allura mai kare nau'i huɗu. Mu da ke zaune a yankin da sanƙarau ke tashi duk lokacin bazara, mun fi kowa sanin abin da ake gudu. Ana kuma neman shaidar allurar shawara daga ƙasashenmu, wadda tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ta isa har ƙarshen rai, sai ta shan-inna ga masu fitowa daga ƙasashen da cutar ba ta ƙare ba. Duk da haka akwai masu sayen kati da hatimi ba tare da allura ta taɓa jikinsu ba. A ganinmu wannan ha'inci ne iri biyu: mutum ya yi ƙarya a farkon tafiyar ibada, ya kuma ɗauki kasadar kawo cuta cikin ɗakin da jikokinsa ke kwana.

Yanzu ga bizar kanta. Bizar Umra daban, ta ziyara daban, ta aiki daban, ta Hajji kuma daban, kuma babu ɗaya daga cikin ukun farko da ke ba mutum izinin tsayuwar Arfa. A 2022 an ƙara wa'adin bizar Umra daga kwana 30 zuwa 90, aka kuma buɗe manhajar Nusuk. Wannan sauƙi ne na gaske, amma shi ne kuma wasu dillalai suka mai da tarko. Sai su ce wa mutum: tafi Umrar azumi, ka laɓe a gidan ƴan'uwa har Zulhajji, ka yi Hajji da rabin kuɗi. Ba su gaya masa cewa hukuma na tsai da ranar da kowane mai Umra zai fice kafin lokacin Hajji, ko da kwanakinsa 90 ba su cika ba. A 2025 ranar ita ce 1 ga Zulƙida, wato 29 ga Afrilu.

Kujerun Hajji kuwa a ƙidaye suke. Tun 1988 ƙasashen Musulmi suka amince a taronsu na Amman cewa kowace ƙasa ta samu kujera dubu a kan kowane Musulmi miliyan ɗaya. Kason na bi ta hannun hukuma, COHO a Nijar, NAHCON a Najeriya, sannan ya isa ga kamfanonin da aka yarda da su. Duk wanda ya ce yana da wata ƙofa bayan wannan, a tambaye shi wace iri ce.

Hajjin 2024 ya nuna inda wannan ƙofa ke fita. Zafi ya haura digiri 51 a Makka. Ministan lafiya na Saudiyya ya ba da sanarwar mutuwar mutum 1,301, ya kuma ce kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji. Dalilin a fili yake: marar izini ba shi da tanti mai sanyi a Mina, ba shi da motar da za ta ɗauke shi zuwa Arfa, sai tafiyar ƙasa cikin rana, yana kuma tsoron zuwa asibiti kada a kama shi. Idan ya faɗi, babu jagoran da zai nemi sunansa. Kafin wannan Hajjin, a watan Afrilu, majalisar manyan malaman Saudiyya ta yi fatawa cewa bai halatta a tafi Hajji ba tare da izini ba, kuma wanda bai samu izinin ba yana cikin hukuncin wanda bai samu iko ba. Wannan bai saɓa da abin da muka karanta a zaure ba, domin malamanmu sun sanya amincin hanya, na rai da na dukiya, cikin ma'anar iko. A 2025 aka tsananta hukunci: tara har riyal 20,000 ga wanda aka kama, har 100,000 ga wanda ya ɗauke shi ko ya ɓoye shi, da kora, da hana shiga ƙasar shekara 10. Ɗan'uwan da ke zaune a Makka ya sauke baƙo marar izini, shi ma iƙamarsa ya sa cikin haɗari.

Iyayenmu mata sukan tambaya game da muharrami. A 2022 ministan Hajji na Saudiyya ya bayyana cewa ba a sharɗanta shi wajen ba mace biza. Wannan maganar takarda ce. Ta fuskar fiƙihu, mazhabar Malikiyya ta yarda mace ta tafi Hajjin farilla cikin amintacciyar tawaga idan ba ta samu muharrami ba. Umrar nafila kuwa malamai sun fi tsanantawa, don haka a koma gare su. Abin da muke gargaɗi a kai shi ne ƴan matan da ake ɗauka da bizar Umra, an yi musu alkawarin aikin gida. Da zarar wa'adi ya cika sun zama marasa takarda, fasfonsu a hannun wani, ba su da inda za su kai kuka.

Kafin a ba kowane kamfani ko da jaka ɗaya, a nemi ganin sunansa cikin jerin da hukuma ta fitar na shekarar da ake ciki, domin wanda aka yarda da shi bara yana iya zama an cire shi bana. A karɓi rasit mai hatimi. Idan biza ta fito, kada a wadatu da hoton da aka turo ta waya. A buga ta a takarda, a karanta irinta, da ranar shiga, da yawan kwanaki, a kuma bar kwafinta da na fasfo a gida wurin wanda zai iya bin sawu idan waya ta daina shiga.