Tafiyar Jirgin Sama Ta Minti Biyu

Yawancinmu in mun ji an ce wani ya shiga jirgin sama, sai mu ɗauka ƙasa mai nisa za shi. Amma akwai wurin da mutane su ke hawan jirgin sama domin su je ƙauyen da su ke hange da idanunsu.

Can arewacin Sikotland, a ƙasar Birtaniya, akwai tsibirai wajen 70 da a ke kira Orkney. Biyu daga cikinsu su ne Westray da Papa Westray. Mutanen Westray kamar 600 ne, na Papa Westray kuwa ba su cika 100 ba. Tsakanin filayen jirginsu kilomita 2.7 ne kaɗai, watau bai kai mil biyu ba. Da a tudu ne, da yaro ma ya taka da ƙafa. Amma teku ce ta raba su, teku mai sanyi da igiyar ruwa.

Tun shekarar 1967 kamfanin Loganair ya ke jigilar mutane tsakanin tsibiran nan. Jirgin ƙarami ne, mai farfela biyu, yana ɗaukar fasinja takwas da direba ɗaya. Daga tashi zuwa sauka ba ya wuce minti biyu, yawanci ma minti ɗaya da rabi ne. Wani direba mai suna Stuart Linklater ya bi hanyan nan fiye da sau 12,000 kafin ya bar aiki a 2013, shi ne kuma ya taɓa ƙetarewa cikin daƙiƙa 53. Duk duniya babu jirgin fasinja mai tashi a ƙayyadadden lokaci da tafiyarsa ta kai wannan gajarta.

Watakila mai karatu ya ce, ashe wannan ba ɓarnar kuɗi ba ce? To, ga yadda abin ya ke. Jirgin ba domin wannan ɗan tsallake kaɗai ya ke tashi ba. Daga Kirkwall, babban garin Orkney, ya ke fitowa, ya sauka a tsibiri ɗaya, ya ƙetara ɗayan, sa'an nan ya koma. A Kirkwall ɗin kuwa babban asibiti ya ke. Akwai jirgin ruwa, amma da hunturu iska takan yi ƙarfi ƙwarai, a tsakiyar hunturu kuma rana kamar sa'a shida kaɗai ta ke yi a sama. Saboda haka malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da marasa lafiya sukan dogara ga ɗan jirgin nan. Kuɗin fasinja ba ya isa riƙe shi, shi ya sa hukuma ta ke tallafawa.

Baƙi ma sukan zo kallon Knap of Howar, wani gidan dutse a Papa Westray da aka gina fiye da shekara 5,000 da suka wuce. Watau tun zamanin nan mutane su ke zaune a tsibirin. Amma garin da ba hanyar zuwa asibiti ko makaranta, samarinsa sukan watse, a bar tsofaffi da kufai. Mu ma mun san ƙauyukan da damina takan yanke su daga kasuwa da asibiti saboda rafi ɗaya.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke. Mutanen Westray da Papa Westray ƙafa ba ta kai su wurin juna, sai suka nemi wata hanya, ba su yarda ruwa ya raba su ba.