Ƙofar hoto ta kwamfuta: ta fita ce, ba ta shiga ba

A babbar kasuwar Maraɗi, wajen masu sayar da kayan kuran, akwai wata tambaya da ba ta ƙarewa. Mutum ya taho daga Tibiri ko Jiratawa da kwamfutarsa ta hannu, ya ce a ba shi igiyar da za ta gama ta da dekodar, domin ya kalli ƙwallo ko labarun Tele Sahel bisa gilashinta. Dalilinsa mai ƙarfi ne: kwamfuta tana da batir nata, dekodar ɗan batirin sola ya ishe shi, telebijin kuwa mai cin wuta ne. Jama'ar jahar ba su mance da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da ke shigowa ta hanyar Katsina da Gazawa, ba ta maido ta ba sai cikin Maris na 2024.

To, amma igiyar kaɗai ba ta biyan wannan bukata. Ƙofofin hoto iri biyu aka fi gani jikin waɗannan na'urori. Ta farko ita ce VGA mai ramu 15, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1987. Ta biyu HDMI ce mai haƙora 19, da aka tsara a 2002, tana ɗaukar hoto da murya tare. Dukansu, a jikin kwamfutar hannu, aikinsu fitar da hoto ne zuwa telebijin ko majigi. Gilashin kwamfutar yana haɗe da cikinta ta wata igiya dabam, ba hanyar da ta taso daga ƙofar zuwa gare shi. Manoman fadamar Jiratawa sun san haka: ruwan da injin ya turo cikin kanal gona yake nufa, ba ya komawa rijiya. Dekodar mai turawa ne, kwamfuta mai turawa ce. In an gama su, ba mai karɓa, ba abin da zai bayyana. Ƴan kaɗan ne, kamar wasu tsofaffin Alienware masu tsada, aka ƙera da ƙofar shiga, kuma an rubuta IN kusa da ita.

Mai son kallo bisa kwamfutarsa sai ya nemi ɗan akwatin kama hoto. Ana soka igiyar dekodar a gefe guda, ɗaya gefen kuma cikin ƙofar USB, sannan a buɗe manhaja irin su VLC ko OBS. Hoton yakan ɗan makara, wasu dekodar na biya kuma suna kulle nasu. Saboda haka a gwada shi gaban mai kanti kafin a fidda kuɗi.

Ƙofar fita ma ba ta banza ba ce. Da ita sakataren ƙungiyar manoma zai haska lissafin taki da kuɗin ruwa jikin bango, kowane mamba ya karanta da idonsa. Da ita malamin yaƙi da jahilci zai nuna baƙaƙe manya-manya ga aji duka. Nijar ta fara koyarwa da telebijin tun 1964, ga shi yau kayan aikin sun shigo hannun talaka.

Wanda ya iya karatu, ya duba rubutun da ke jikin ƙofa kafin ya kwance kuɗin zogalensa: OUT fita, IN shiga. Mai tambaya ba ya ɓata.