Shin Ruwa Yana da Launi? Amsar Kimiyya da Abin da Ido Ba Ya Iya Gani

Tun daga ajin firamare ake koya wa yara cewa ruwa ba shi da launi, ba shi da ɗanɗano, ba shi da ƙamshi. Wanda ya ɗaga kofin gilashi cike da ruwa ya duba ba zai ga dalilin musu ba, domin yana hango abin da ke bayan kofin tangaran. To amma hotunan duniya da ake ɗauka daga sararin samaniya suna nuna tekuna shuɗaye, haka ma tafkin wanka mai zurfi da aka yi wa daɓen farin tayil. Daga ina wannan shuɗin ya fito?

Amsar da masana kimiyya suka tsaya a kai ita ce, tsantsar ruwa yana da launi nasa na kansa, kuma shuɗi ne mai haske ƙwarai. Raunin launin ne ya sa ba a ganinsa a kofi ko a kwano, sai ruwan ya yi yawa ko ya yi zurfi yake bayyana.

Yadda ruwa ke tace haske

Hasken rana da ido ke gani fari, haɗakar launuka ne masu yawa. Isaac Newton, masanin nan na Ingila, ya nuna haka a shekarun 1660, lokacin da ya ratsa haske ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken ya rarrabu zuwa launukan da ake gani a bakan gizo. Kowane launi yana tafiya ne kamar igiyar ruwa mai nata tsawon zango. Ido yana ganin abin da ke tsakanin nanomita 400 da 700 ko kusa da haka, inda shunayya da shuɗi ke da gajeren zango, ja kuwa ya fi kowa dogon zango. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita.

Idan haske ya shiga ruwa, launukan ba sa samun rabo ɗaya. Ruwa yana shanye ja da sauri, sannan ruwan lemo, sannan rawaya, ya bar shuɗi ya ci gaba da tafiya. A ƙarshen ɓangaren ja, kusan rabin hasken yana ɓacewa cikin tafiyar mita ɗaya ko ɗan fiye. Shanyewar da ruwa ke yi wa ja ta ninka wadda yake yi wa shuɗi fiye da sau 100. A cikin kofi haske ba ya yin tafiyar da ta wuce 'yan santimita, don haka abin da aka rage na ja bai kai ido ya lura ba. A teku kuwa tafiyar tana da nisa, har ja ya ƙare ƙaf, ya zama shuɗi ne ya fi yawa a hasken da ke dawowa ga mai kallo.

Masu nutso a teku sun san wannan a aikace. Da zarar an yi ƙasa da 'yan mitoci, jan kaya yakan koma kamar toka ko baƙi, jini ma ya daina bayyana ja, sai an haska fitila launin ya dawo. Daga zurfin mita 200 hasken rana ya yi rauni matuƙa, bayan mita 1,000 kuwa duhu ne baki ɗaya.

Sirrin yana cikin ƙirar ƙwayar ruwa kanta. Kowace ƙwaya ta ƙunshi zarra biyu ta haidirojin da zarra ɗaya ta oksijin, kuma mahaɗinsu yana karkarwa ba tsayawa, kamar tsirkiyar goge. Wannan karkarwa ce ke ɗaukar wani kaso na jan haske. A shekarar 1993 Charles Braun da Sergei Smirnov na Kwalejin Dartmouth da ke Amurka suka wallafa wani gwaji da ya nuna haka: suka cika bututu mai tsawon mita 3 da tsantsar ruwa, suka duba ta ciki, ruwan ya bayyana shuɗi. Suka kuma gwada shi da abin da ake kira ruwa mai nauyi, wanda haidirojin ɗinsa ya ninka na yau da kullum nauyi. Karkarwar wannan ruwa ta fi jinkiri, saboda haka ba ta taɓa jan haske sosai, shi ya sa bai nuna shuɗin ba.

Ba inuwar sama kaɗai ba ce

Mutane da yawa sun ɗauka teku yana aron launinsa ne daga sararin sama, kamar yadda madubi ke nuna fuska. Har babban masani irin Lord Rayleigh na Birtaniya ya tafi a kan wannan ra'ayi a farkon ƙarni na 20. Wanda ya ƙalubalance shi shi ne C.V. Raman na Indiya. A shekarar 1921, yana cikin jirgin ruwa a Tekun Bahar Rum, ya yi amfani da wani ƙaramin gilashi na musamman da ke kawar da hasken da ya fito daga sama ya bugi fuskar ruwa ya dawo. Da aka cire wannan inuwa, maimakon shuɗin tekun ya gushe sai ya ƙara ƙarfi. Binciken da Raman ya ci gaba da yi kan yadda haske ke warwatsuwa a cikin abubuwa ne ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1930.

Fahimtar yau ta haɗa abubuwa uku. Shanye ja shi ne ke tsayar da launin, warwatsuwar haske a cikin ruwa ce ke dawo da shuɗin zuwa ido, inuwar sama kuma tana ƙara nata, musamman idan ruwan ya kwanta lumui kuma ana kallonsa daga nesa. Wannan ne ya sa tafki kan yi ja-ja da faɗuwar rana, ya yi toka-toka idan hadari ya haɗu.

Farin da ake gani a kumfa, da gajimare, da inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, shi ma aikin haske ne. Ɗimbin ƙananan ɗigo da kumfar iska suna warwatsa dukkan launuka daidai wa daida, sai ido ya ga fari. Haka ruwan famfo kan fito fari kamar madara idan iska ta shiga bututu, amma da an ajiye shi ɗan lokaci sai ya washe, yana farawa daga ƙasan kofi.

Launin da aka ɗora wa ruwa

Yawancin launukan da ake gani a koguna da tafkuna na abin da ruwan ya ɗauko ne. Da damina kogunan Neja da Binuwai sukan yi ja ko ruwan ƙasa saboda laka da yashin da ruwan sama ya wanko. Kududdufi yakan yi kore saboda gansakuka da ƙananan tsirrai masu ɗauke da sinadarin da ke ba ganye korensa. Ruwan da ya ratsa daji mai ruɓaɓɓen ganye yakan yi duhu kamar shayi. Misalinsa shi ne kogin Rio Negro na Birazil, wanda ke haɗuwa da kogin Solimões mai laka kusa da birnin Manaus, su yi tafiyar kilomita da dama gefe da gefe kafin su gauraya. A Khartum ta Sudan ma ana ganin bambancin rassan Kogin Nilu biyu a mahaɗarsu, musamman lokacin da reshen da ya fito daga tsaunukan Habasha ya cika da laka. Tafkin Retba na Senegal kuwa ya yi suna da launin ruwan hoda, saboda wani nau'in gansakuka da ke rayuwa a ruwa mai gishiri sosai.

Harshen Hausa ya adana wannan alaƙa ta hanya mai ban sha'awa. Launuka da dama da sunan ruwa ake kiransu: ruwan toka, ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan ƙasa, ruwan hoda. Wato Bahaushe ya daɗe da lura cewa ruwa yana ɗaukar kamannin duk abin da aka jiƙa a cikinsa, kamar yadda ake gani a marina. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaure, irin su Ishmawi da Risala, su ma sun mai da hankali kan sauyawar siffofin ruwa. Malamai suna duba launi da ɗanɗano da wari kafin a yi tsarki da shi, tare da sassauci idan ƙasar da ruwan ke zaune a kanta ce ta sauya shi.

Inda launi ke gargaɗi, da inda yake yin shiru

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza, kuma haka yake game da launi. Ruwan rijiya ko na burtsatse da ya fito garau, sannan ya koma ja bayan ya sha iska, yawanci alamar ƙarfe ce a cikinsa. Baƙin tabo a kwano ko a tufafi yana iya nuna manganis. Shuɗi-kore a bakin famfo kan fito daga bututun tagulla da ya fara ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa yawancin mutane suna fara gane launi a kofin ruwa idan ya wuce 15 a ma'aunin launin ruwa, kuma wannan adadi ne ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta ɗauka a matsayin iyaka.

Haɗarin da ya fi girma shi ne a ɗauka duk ruwan da ya yi garau lafiyayye ne. Ƙwayoyin cutar kwalara da na taifot ba sa sauya launin ruwa. A 1854, lokacin da kwalara ta kashe ɗaruruwan mutane a unguwar Soho ta Landan, likita John Snow ya gano tushen annobar a wani famfo na titin Broad, wanda mutane ke son ruwansa har wasu na aikawa a ɗebo musu daga nesa. A Najeriya, alƙaluman hukumar NCDC sun nuna cewa a 2021 an samu fiye da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara, sama da 3,000 kuma suka rasu.

Sinadarai masu guba ma haka suke ɓoyewa. A Bangladesh an haƙa miliyoyin rijiyoyin burtsatse domin raba jama'a da gurɓataccen ruwan tafki, amma a shekarun 1990 aka gano cewa da yawa daga cikinsu na ɗauke da gubar asenik, wadda ba ta da launi ko wari. Da yake ido ba ya iya bambancewa, sai da aka bi rijiyoyin ana gwadawa, ana shafa jan fenti a bakin masu guba, kore a bakin waɗanda suka tsallake gwajin. Gubar dalma da yawan sinadarin naitiret daga taki da masai su ma suna iya zama cikin ruwa ba tare da wata alama ba.

Saboda haka jami'an lafiya ke rarrabe matakai biyu. Na farko shi ne kawar da dauɗar da ake gani, ta hanyar barin ruwa ya kwanta, ko tace shi da tsabtataccen ƙyalle, ko sa masa alimun ko garin 'ya'yan zogale. Na biyu shi ne kashe ƙwayoyin cuta ta tafasa ruwan sosai ko sa sinadarin kulorin bisa ƙa'ida, kuma kulorin ya fi aiki idan an riga an tace ruwan. Tafasawa ba ta cire dalma ko asenik, don haka sabuwar rijiya ko burtsatse, musamman a yankunan da ake haƙar ma'adinai, tana bukatar a kai ruwanta ɗakin gwaji kafin jama'a su fara sha. Haka kuma idan ruwan da aka saba sha ya sauya launi kwatsam, abin da ya dace shi ne a dakatar da shansa a sanar da hukumar ruwa ko jami'an lafiya na yankin.