Jimlar Ingilishi: Mazaunin Kalma Ne Ke Riƙe da Ma'ana

Ɗalibai da dama sukan haddace rabe-raben jimlar Ingilishi don jarrabawar WAEC, da an tashi kuma su watsar. Asara ce babba, domin a wannan harshe tsarin jimla ne ke ɗauke da ma'ana. Tsohon Ingilishi yana da ɗafe-ɗafe a ƙarshen kalma masu nuna wanda ya yi aiki da wanda aikin ya faɗa wa. Yawancinsu sun zube a ƙarnonin da suka biyo bayan 1066, shekarar da mutanen Normandi suka ci Ingila da yaƙi, sai nauyin ya koma kan jeri: aikau, aikatau, karɓau. Shi ya sa "The dog bit the boy" da "The boy bit the dog" suke labari biyu, alhali kalmomin ba su canja ba. Haka tambaya: inda Bahaushe zai sa "shin" ko ya ɗaga murya, Bature sai ya juya jerin, "She is coming" ta zama "Is she coming?"

Ta fuskar gini ma haka abin yake. Sassauƙar jimla ganga ɗaya ce tsayayya. Harɗaɗɗiya tana haɗa tsayayyun ganguna biyu da mahaɗi irin "and" ko "but", kowace da nauyinta daidai da 'yar'uwarta. Sarƙaƙƙiya kuwa tana jingina wata ganga ga wata da "because" ko "although". Akwai ta huɗu mai gwama biyun nan na ƙarshe. Wanda ya zaɓi "because" a madadin "and" ya yanke hukunci ke nan: wannan ne dalili, wancan ne sakamako.

Wani zai ce ai yaron Landan yana magana daidai bai san mene ne ganga ba. Gaskiya ne, amma shi a nono ya sha jerin. Kuma magana daban, rubutu daban, domin takarda ba ta da murya balle motsin hannu. Turawan da kansu sun nemi jagora: Robert Lowth ya wallafa littafin nahawunsa a 1762, Lindley Murray ya biyo da nasa a 1795. Saboda haka malami ya rage tambayar sunan jimla, ya riƙa ba ɗalibi gajerun jimloli biyu ya haɗa ta hanyoyi uku, sannan ya faɗi abin da ya sauya a ma'ana.