Ko Kun Sani? Basir Kumburin Jijiyoyin Jini Ne

Ko kun san cewa kowane ɗan'adam yana da wasu ƙananan tsokoki masu jijiyoyin jini a bakin dubura, waɗanda ke taimaka masa wajen riƙe iska da bahaya? Idan suka kumbura ko suka zazzago, shi ne basir.

Basir iri biyu ne: na ciki da na waje. Na ciki ya fi zuwa da jan jini bayan bahaya, sau da yawa ba tare da zafi ba. Likitoci sun kasa shi mataki 4, daga wanda ba ya leƙowa waje zuwa wanda ya fito ya ƙi komawa. Na waje kuwa shi ke kawo ƙaiƙayi da raɗaɗi.

Abubuwan da ke jawo shi sun haɗa da taurin bahaya, yawan yunƙuri, daɗewa a banɗaki, juna biyu da ɗaukar kaya masu nauyi.

Riga-kafinsa yana cikin tukunya: wake, zogale, kuɓewa, alayyaho, gwanda da wadataccen ruwan sha suna tausasa bahaya. Zama cikin ruwa mai ɗumi na minti 10 zuwa 15 yana rage zafi. Idan ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, likita na iya ɗaure shi da ƙaramin zoben roba har ya bushe ya faɗi, ko a yi tiyata.

A kula, ba kowane jini ne na basir ba. Sankarar hanji ma tana kawo shi. Duk wanda ya ga jini a bahayarsa, musamman baƙi-baƙi ko tare da rama, ya ajiye kunya ya garzaya asibiti.