Majami'ar da Ciyayi Suka Haɗiye a Ingila

A wannan fitowa za mu duba wata tsohuwar majami'a mai suna St Mary, a ƙauyen Houghton-on-the-Hill da ke yankin Nofok, gabashin Ingila. An gina ta da duwatsu tun ƙarni na 11, wato fiye da shekaru 900 ke nan.

Ba yaƙi ne ya rushe ta ba. Mutanen ƙauyen ne suka yi ta ƙaura har gari ya watse. An yi baftisma ta ƙarshe a 1933, daga baya aka daina sujada. Da ba mai kula da ginin, sai ruwan sama ya samu hanya, katako ya ruɓe, rufin ya fāɗa ciki. Ciyayi masu hawa bango suka lulluɓe ginin har hasumiya.

A 1992 wata mata, Gloria Davey, ta ci karo da kangon a lokacin yawo da ƙungiyar mata. A ciki ta ga alamun masu bautar Shaiɗan. Mijinta Bob, wanda ya yi ritaya kuma dattijo ne a ikilisiyar North Pickenham da ke kusa, ya ɗauki nauyin aikin. Ya yi gadin dare, ya sare ciyayi, ya gyara hanyar zuwa wurin. Ya kuma bi sawun kayan majami'ar da suka watse, har ya samo kwamin baftisma a lambun wani gida.

A ganinmu, abin lura shi ne yadda aka jera aikin. Rufi aka sa gaba, domin gyaran bango aikin banza ne muddin ruwa yana zuba a kai. Duk wanda ya taɓa yaɓe majami'ar laka ya san haka.

A 1996 aka gano zane-zane a ƙarƙashin shafen bango, waɗansu tun wajen 1090. Akwai Ranar Shari'a, da matattu suna tashi, da hoton Triniti. A zamanin da aka yi su yawancin masu bi ba su iya karatu ba, bango ne littafinsu. Shafen da aka rufe su da shi daga baya shi ne ya kare su daga ruwa. Ƙwararru ne suka ɓare shi a hankali, domin hannun da bai saba ba zai iya kankare zanen gaba ɗaya.

Bob Davey ya rasu a 2021, bayan kusan shekaru 30 yana hidimar ginin.