Kisan Muhsin Hendricks da muhawara kan luwaɗi a Musulunci

A ranar 15 ga watan Fabrairun 2025, wasu 'yan bindiga da suka rufe fuskokinsu suka tare wata mota a unguwar Bethelsdorp da ke birnin Gqeberha na Afirka ta Kudu, suka harbe Muhsin Hendricks har lahira. Yana da shekara 57.

Hendricks shi ne mutumin da ake yi wa kallon limami na farko a duniya da ya fito fili ya ce shi ɗan luwaɗi ne. 'Yan sanda sun ce a lokacin ba su kai ga gano dalilin kisan ba.

Lamarin ya sake tayar da muhawarar da aka shafe kusan shekara 30 ana yi, kan matsayin mutanen da ke sha'awar jinsinsu amma suka ce ba za su bar Musulunci ba.

Yadda abin ya faro

An haifi Hendricks a birnin Cape Town a shekarar 1967, ya kuma yi karatun addini a Karachi ta ƙasar Pakistan. Ya yi aure har ya haifi 'ya'ya uku kafin auren ya mutu.

A shekarar 1996 ne ya bayyana matsayinsa, ya kuma kafa ƙungiyar The Inner Circle domin Musulmi masu irin halinsa. Daga baya ya buɗe wani masallaci mai suna Masjidul Ghurbaah.

A shekarar ce kuma Afirka ta Kudu ta amince da kundin tsarin mulkin da ya hana nuna wa mutum bambanci saboda jinsin da yake sha'awa. A 2006 ƙasar ta halatta auren jinsi.

Ba a Afirka ta Kudu kaɗai aka samu irin wannan yunƙuri ba. A Amurka, wani matashi ɗan asalin Pakistan, Faisal Alam, ya kafa ƙungiyar Al-Fatiha a ƙarshen shekarun 1990. An kafa Imaan a birnin Landan a 1999, sannan a 2012 Ludovic-Mohamed Zahed, ɗan asalin Aljeriya, ya buɗe wurin salla a Paris.

Ƙungiyoyin ƙanana ne, kuma galibinsu suna ƙasashen da doka ta ba su kariya. A Najeriya, dokar da aka sa wa hannu a watan Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, da shekara 10 ga mai kafa irin waɗannan ƙungiyoyi ko mara masu baya.

Hujjar da suke kafawa

Jayayyar ta ta'allaƙa ne a kan ƙissar mutanen Annabi Luɗu (AS), wadda ta zo a surori da dama, ciki har da A'araf da Hudu da Ankabut.

Masu wannan ra'ayi na cewa laifin da ya jawo halakar mutanen shi ne yunƙurin yi wa baƙi fyaɗe da tare hanya da ƙaryata Annabinsu. A ganinsu, ƙissar ba ta yi magana kan mutum biyu da suka yarda da juna ba.

Wani malamin jami'a a Amurka, Scott Kugle, ya faɗaɗa wannan fassara a littafin da ya wallafa a 2010, inda kuma ya nuna shakku kan ingancin hadisan da suka ambaci hukuncin kisa.

Martanin malamai

Mafi rinjayen malaman Sunni da na Shi'a sun yi watsi da wannan fassara. Suna cewa ayoyin sun ambaci zuwa wa maza da sha'awa a maimakon mata ƙarara, kuma haka malaman tafsiri suka fahimce su tun ƙarnin farko.

A watan Mayun 2023, malamai fiye da 130 a Amurka da Kanada suka sa hannu kan wata sanarwa da ta ce haramcin yana nan daram, kuma babu mai ikon sauya shi. Sai dai sun bambanta tsakanin sha'awar da mutum ke ji a zuciyarsa, wadda suka ce ba a kama shi da laifinta, da kuma aikatawa.

Inda malaman fiƙihu suka yi saɓani shi ne kan hukunci, ba kan haramci ba. Mazhabar Malikiyya ta tafi a kan jifa. Fitaccen ra'ayin Shafi'iyya shi ne a yi hukunci irin na zina, yayin da Imam Abu Hanifa ya ce babu haddi, sai dai ta'aziri gwargwadon yadda alƙali ya gani.

Akasarinsu sun sharɗanta shaidu huɗu ko iƙirarin mai laifin, kuma sun haɗu a kan cewa zartar da hukunci aikin hukuma ne, ba na ɗaiɗaikun mutane ba.

Bayan kisan

Wannan batu na ƙarshe ne ya fito fili bayan kisan Hendricks.

Majalisar malaman Cape Town, wato Muslim Judicial Council, ta daɗe tana adawa da koyarwarsa, kuma a 2022 ta fitar da fatawar da ta jaddada haramcin luwaɗi. Duk da haka tana cikin waɗanda suka fara yin Allah wadai da kisan, tana mai cewa saɓanin ra'ayi ba ya halatta zubar da jini.

Haɗaɗɗiyar majalisar malaman Afirka ta Kudu ita ma ta yi tir da duk wani kisa ba bisa shari'a ba, ta kuma nemi jama'a su guji yanke hukunci kan musabbabin kisan kafin a kammala bincike.

Su kuwa magoya bayan Hendricks sun ce Allah wadai bayan mutuwa bai wadatar ba. A cewarsu, kalaman da ake yi a kan mumbari ne ke jefa rayuwar irinsu cikin haɗari, zargin da malaman ba su amince da shi ba, domin a wurinsu bayyana halal da haram wajibi ne da ba za su daina ba.